Kakin guga ko na shafawa: amsa ga Kawu kan allunan zamiyar ɗansa

Kawu, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka tun bayan sallar isha'i, na bari sai na natsu don kada in amsa maka a tsaitsaye. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan Kawu da ke karatu a Kalgari ta ƙasar Kanada ya sayi allunan zamiyar dusar ƙanƙara na hannu, waɗanda ake kira siki, ya aiko yana neman kuɗin kayan gyara. Ya ce kaki iri biyu ne, akwai wanda ake narkarwa da dutsen guga, akwai na shafawa kawai, kuma kayan gugar sun fi tsada nesa ba kusa ba. Kawu ya ce shi a nan Birnin Kebbi ƙanƙarar da ya sani ita ce ta firji da wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina, to wanne zai biya?

Na yi shekara huɗu a Erzurum ta gabashin Turkiyya, garin da dutsen Palandoken ke tsaye a bayansa, inda aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Duka hanyoyin biyu na yi su da hannuna.

Cikin allon, wato fuskar da ke kwanciya a kan ƙanƙara, ba katako ba ne. Roba ce mai tauri dangin folitilin, masu sana'ar suna ce mata P-Tex. Idan mutum na gangarowa, gogayya tana narkar da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa ya zama ruwa siriri kamar gumi, a kansa ake sulɓi. Aikin kaki shi ne ya hana ruwan nan kama robar, ya riƙa gangarewa kamar raɓa a ganyen gwaza. In kakin ya ƙare, sai ka ga cikin allon ya yi furfura-furfura, musamman kusa da gefe, daidai da yadda ƙafa ke yin kaushi da hunturu. Kuma Kawu ka san bambancin wanda ya lakaci mai ya shafa sama-sama zai fita masallaci, da wanda ya jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ya goge kaushin da dutse, sannan ya cusa man kaɗe ya kwana da shi. Tsakanin kakin nan biyu ma haka abin yake.

Na shafawa yana zuwa a ruwa-ruwa, ko kamar man takalmi, ko dunƙule. A shafa, a bari ya bushe, a murza, a bi da buroshi. Minti goma sun isa. Ba wuta, ba hayaƙi, ba ɓarɓashi a ɗakin haya, kuma yana shiga aljihu a tafi da shi kan dutse. Aibinsa ɗaya ne, a sama yake zama, ƙanƙara mai kaifi tana kankare shi cikin 'yan gangarowa, in ya daɗe ya yi wuni. Na ruwa-ruwan da ake yi yanzu sun fi na da riƙo idan aka shafa da daddare aka bar su suka kwana, wannan kam ba zan tauye musu haƙƙi ba.

Na guga shi ne aikin gaske, kuma a nan kuɗin ke tafiya. Sai allon ya shigo ɗaki ya ɗumama bayan sanyin waje, ya bushe sarai. A kifa shi a kan abin da zai riƙe shi, a ɗaure birkinsa, wato 'yan ƙarafan da ke tsayar da allo idan takalmi ya fita, da roba mai kauri don kada ya tare hanya, a goge datti da buroshi. Sannan a kanga dunƙulen kaki a jikin dutsen guga yana ɗiga a kan allon, a bi shi da gugar daga goshi zuwa wutsiya har ya shimfiɗu. Zafin ne ke sa robar ta sha kakin. A bar shi ya huce aƙalla rabin sa'a, a kankare da makankarin roba mai kaifi, a bi da buroshi har ya yi sheƙi. Sababbin shiga a nan suke jin ciwo, suna ganin an zubar da kuɗi a ƙasa, amma wanda ya shiga cikin robar shi ake so, na saman ja da baya yake sa allo. Guga ɗaya tana kai mutum fita uku zuwa biyar, gwargwadon kaifin ƙanƙarar.

Kafin ka tura ko sisi, ka tambaye shi wace irin roba ce a cikin allon nasa, don iri biyu ce. Akwai wadda garin roba aka danne da zafi da ƙarfi har ya haɗe, ita tana shan kaki kamar yadda sabuwar randa ke shan ruwa, ta fi gudu, kuma in an bar ta ba kaki ta fi saurin bushewa. Akwai wadda narkar da robar aka yi aka shimfiɗa, ita kamar kwanon silba take, kaɗan take sha, an fi sa ta a alluna masu araha da na 'yan koyo. Idan ta biyun ce gare shi, dutsen guga ba zai ƙara masa abin a zo a gani ba, na shafawa ya wadatar. Sunan allon kawai zai duba a shafin kamfanin da ya ƙera shi, zai gani.

Na san wani zai ce ai akwai dutsen gugar kaya a ɗaki. Ni na gwada a hunturuna na farko, don ina tattalin kuɗin abinci. Kakin ya yi hayaƙi, na ɗan dakata a wuri ɗaya kusa da wutsiya, wajen ya ƙone ya yi santsi kamar gilashi, bai sake shan kaki ba har sai da aka kai shago aka kankare shi da inji. Robar nan tana narkewa a wajen digiri 130 zuwa 135 na ma'aunin Salshiyos, shi kuwa kaki yana son digiri 110 zuwa 150 gwargwadon taurinsa, ka ga tazarar ba ta da yawa. Dutsen gugar kaya zafinsa hawa da sauka yake yi, na aikin kuwa gindinsa mai kauri ne, yana tsayawa inda aka sa shi. Dokokin biyu ne: hannu kada ya tsaya, kuma da zarar an ga hayaƙi a rage wuta. Ya buɗe taga ko da sanyi na tsaga ƙashi.

Kakin da kansa launi-launi ne. Kamfanin Swix na ƙasar Nowe, wanda ya fara a 1946, shi ya yi suna da wannan tsari. Ruwan ɗorawa mai laushi ne, na ranar da ƙanƙara ta jiƙe tana narkewa. Ja na tsaka-tsaki ne. Shuɗi da kore masu tauri ne, na sanyi mai tsanani, lokacin da ƙwayoyin ƙanƙara suke da kaifi kamar yashin gulbi. Kalgari, wadda ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1988, tana da wata iska mai ɗumi da ke sauko mata daga duwatsu, suna kiranta Cinuk, tana iya juya yanayi cikin wuni ɗaya. Saboda haka kada ya tara launuka. Dunƙule ɗaya na kowane yanayi, da shuɗi ɗaya don watan Janairu, sun fitar da shi shekara.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka jaddada masa: kada ya sayi kaki mai sinadarin fulorin, ko da an karyar masa da farashi. Hukumar wasan ta duniya, FIS, ta haramta shi a gasanninta daga kakar 2023 zuwa 2024, kuma a Oktoban 2023 aka kori 'yar Nowe Ragnhild Mowinckel daga tsere a Solden ta Ostiriya saboda an same shi a allunanta. Sinadarin ba ya ruɓewa, yana taruwa a jinin mai shaƙar tururinsa, yana bin ruwan narkewa ya shiga ƙoramu. Tsofaffin dunƙulensa har yanzu suna yawo a kasuwar kayan hannu, ita ce kuwa kasuwar ɗalibai.

Kaki rabin gyara ne, saura bakin ƙarfen da ke gefe-gefen allon, wanda da shi ake cizon ƙanƙara a juya ko a tsaya. Mu da muka tashi muna ganin ana wasa lauje kafin yankan shinkafa a fadama, hannunmu zai yi saurin kai wa magagari. To a nan sai an yi hattara. Bakin yana da kusurwa ƙididdigagga, wajen digiri 1 ta ƙasa, digiri 1 zuwa 3 ta gefe, kuma faɗinsa duka bai wuce milimita biyu ba, abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Abin da zai yi a gida shi ne ya goge tsatsa da 'yar roba mai yashi da ake sayarwa don haka, ya bi gefen da ɗan mawashin lu'ulu'u jiƙaƙƙe a cikin maƙalin da ke riƙe kusurwa. Ɓangaren ƙasa ya bar wa shago, sau ɗaya a shekara. Ƙaramar ƙarzuwa ana cike ta da kyandir ɗin P-Tex, amma ramin da ya kai ga katakon ciki na shago ne. In kuma wata rana ya koma allo guda mai faɗi, wato sinobod, aikin ɗaya ne, sai dai a sassauta kusoshin maɗaurin kafin guga, don suna jan zafi su lotsa robar. Idan hunturu ya wuce, a yi guga mai kauri a bar ta ba kankarewa har ta rufe bakin ƙarfen, sai baɗi.

Yanzu ga abin da bai sa a lissafinsa ba, kuma shi ya fi damuna. Allunan na hannu ne. Maɗaurin da ke kama takalmi an yi shi ne ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi, kuma ana saita shi da nauyin mutum, da tsawonsa, da shekarunsa, da tsawon takalminsa, da ƙwarewarsa. Saitin da ke kai yanzu na mai shi na farko ne. In wancan ƙato ne gwani, maɗaurin ba zai saki yaronka ba, gwiwa ce za ta saki. Na ga wani abokin karatunmu ya yi wata shida da sanda a kan haka. Wannan ba aikin gida ba ne ko kaɗan, shago ke da injin gwada shi.

Wani ɗan'uwa ya ce a nan duk almubazzaranci ne, wasan ba namu ba ne. Ni ban ga haka ba. Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a wasan siki a gasar Olamfik ta hunturu ta Beijin a 2022. Kuma yaron da ke ƙasar da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi a watan Disamba, gara ya fita ya motsa jini da ya ƙunshe a ɗaki shi kaɗai.

Da ni ne kai, Kawu, kuɗin farko na gwajin maɗauri ne, na biyu na hular kwano in ba shi da ita. Bayan nan ka tambaye shi sau nawa yake fita. In sau biyu ne ko uku duk hunturu, ya bari shagon ya yi masa guga ranar gwajin, ka saya masa na shafawa. In kuwa kusan kowace Asabar yana kan dutse, kuma robarsa mai sha ce, saya masa dutsen guga da makankari da buroshi ɗaya, kuɗin shago na 'yan zuwa kaɗan zai mayar da su, in ma ya samu abokai biyu su haɗa kuɗi su saya tare ya fi. Ka ce ya ɗauko hoton cikin allon da rana, kusa da gefe, da hoton lambar da ke jikin maɗaurin, ya turo maka. In na shigo daga Argungu ranar Juma'a zan biyo ta gida mu duba tare bayan an sauko daga masallaci, in sha Allah.