Tiyatar rage nonon namiji: likitan ya iya aiki, asibitin ne da saura

Shekara 13 na yi ina saka singileti biyu a ƙarƙashin riga, har a zafin Afrilu na Kano. Ina aji biyu a sakandare ƙirjina ya fara tasowa kamar na budurwa, manya suka ce balaga ce, zai baje. Na yawancin yara kan baje cikin shekara ɗaya zuwa biyu, nawa dai ya ƙi. Ƙwallo ma na daina ta ne ranar da aka ce ɓangarenmu ne zai tuɓe riga. Na ɗaga ƙarfe har tumbi ya tafi, nono na nan daram. Da aka sa ranar aurena sai na fara neman likita.

Wuri uku na gwada. Na farkon a Instagram na gan su. Suka ce in turo hoto ta WhatsApp, kafin minti goma sun yanke kuɗi, suna neman rabi a ajiye. Na tambayi sunan wanda zai riƙe wuƙar, aka ce "likitocinmu duk ƙwararru ne". Daga nan ban ƙara amsa musu ba. Na biyu dattijo ne mai tiyatar gama-gari, kuma ya faɗa mini gaskiya: zai iya yanke ƙullutun da ke ƙarƙashin kan nonon, amma ba shi da na'urar zuƙe kitse, don haka ƙirjin ba lallai ya kwanta daidai ba. Allah ya saka masa da alheri.

Na ukun likitan tiyatar gyaran jiki ne a wani asibiti mai zaman kansa. Kafin in je sai da na tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, kuma ya yi ƙwarewarsa a ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Ya kwantar da ni, ya matsa ƙarƙashin kan nonon da yatsu biyu, ya ce in taɓa da kaina: wani abu mai tauri kamar roba. "Malam, wannan ba kitse ba ne, motsa jiki ba ya narkar da shi." Ya tambaye ni ko ina shan maganin gyambon ciki irin Cimetidine, ko na hawan jini irin Spironolactone, ko allurar gina jiki, ko giya, ko wiwi. Har maraina ya duba. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ya ce ƙari a wurin ko ciwon hanta na iya rikita sinadaran jiki su jawo wannan kumburin, kuma bai ga amfanin yanka ba in ba a san tushen ba. Aka yi gwajin jini da hoto, komai lafiya.

Abin da ya sa na yarda da shi, ya fi daɗewa a kan illoli fiye da yabon aikinsa. Ya ce baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, har ya duba tsohon tabon gwiwata. Ya ce in aka kwashe duka, wurin kan lotsa kamar kwano, shi ya sa yake barin ɗan kaɗan a ƙarƙashin kan nonon.

A watan Disamba aka yi aikin, kuma ina ba kowa shawara ya jira hunturu. An sa ni barci, an zuƙe kitsen, an ciro ƙullutun ta ƙasan baƙin da ya kewaye kan nonon. Na farka ƙirji a naɗe, da siririyar roba kowane gefe tana fitar da jini. Kwana ɗaya na yi, bayan kwana biyu aka cire robobin. Zafin bai kai yadda na tsorata ba, kamar an yi maka dukan tsiya ne jiya. Ramukan titi a adaidaita sahu, su ne suka sa na kira sunan Allah da ƙarfi.

Rigar matsi kuwa, mako shida dare da rana. Ƙorafina na farko ke nan: ba a ce ba ta cikin kuɗin aikin ba sai ranar sallama, kashiya ta miƙo wani rasit. Barci a rigingine kan filo uku. Salla a zaune na yi ta mako guda, sujada ba ta yiwuwa. Wanka da jiƙaƙƙen tawul, ƙanina ke goge mini baya, shi ke ɗauko jarkar ruwa. Na koma kan keken ɗinkina bayan mako biyu.

A kwana na tara gefen hagu ya kumbura, yana motsi kamar ledar ruwa. Lambar da aka ba ni ta gaggawa, sau 11 na kira, ba a ɗauka ba. Na kwana ido biyu. Washegari na zauna awa uku a benci kafin in ga likitan, shi kuma cikin minti biyar ya zuƙe ruwan da sirinji, ya ce yana faruwa, in dawo bayan kwana huɗu a sake. Ya ba ni haƙuri, ya rubuta mini lambarsa ta kansa. Sakamakon gwajin naman da aka cire ma sai da na yi wata guda ina sintiri kafin ya fito, ba cutar daji ba ce.

A wata na biyu wurin ya yi tauri, na ɗauka abin ya dawo. Tabon ciki ne, ya koya mini murza shi, ya yi laushi a hankali. Yanzu wata takwas ke nan. Ɗinkin sai an matso ake gani, kan nonon hagu har yau bai gama dawo da ji ba. Likitan dai, na ba shi tara cikin goma, asibitin biyar. Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa duk abin da kuɗin ya ƙunsa, kuma kada ya fita sai da lambar likitan a wayarsa.