Preply da maganar kuɗin lesin, abin da na gani ina koyar da Turanci daga Alƙahira

Jama'a salamu alaikum. Tun da na faɗa wa wasu abokaina cewa da lesin ɗin Turanci nake biyan haya a nan Masar tambaya ɗaya ce take ta dawowa, nawa kake caji, kuma wannan Preply ɗin, shafin da ake koyar da yare ta intanet, gaskiya ce ko irin abubuwan nan ne na danna ka samu dala. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Gaskiya ce, suna biya, ban taɓa yin aiki kuɗina ya maƙale ba. Amma in ka shiga ba ka iya lissafin kanka ba wallahi za ka yi ta magana har maƙogwaro ya bushe, ƙarshen wata ka duba ka ga kuɗin koshari, abincin nan mai araha na Masar, kawai ka tara.

Ni Turanci na karanta a gida, na ɗan koyar a wata firamare mai zaman kanta kafin in taho Alƙahira ƙarin karatu. Ina zaune a Madinatu Nasr wajen Hayyul Ashir inda duk ɗan Afirka yake fara sauka. Lesin na farko ba ta intanet na samu ba, wani mai kanti ne a layinmu ya ji ina waya da Turanci yace ya ustaz ɗan ƙanwata yana fama da Ingilishi, za ka iya? Nace me zai hana. Da uwar yaron ta tambaye ni nawa ne hissa ɗaya, haka suke kiran zama ɗaya na lesin, sai kunya irin tamu ta kama ni, nace ai ba komai duk abin da ya sauwaƙa. Wannan kalmar ta duk abin da ya sauwaƙa ita ta cuce ni kusan shekara biyu. Mu an tashe mu a kan malami ba ya yanka wa ilimi farashi, kuɗin Laraba ne ake kaiwa malam ya sa albarka. Su kuma Misirawa lesin a wajensu sana'a ce kamar kowacce, akwai santocin lesin ko'ina, musamman in jarrabawar gama sakandare, Sanawiyya Amma, ta matso, iyaye sun saba biya kuma sun iya ciniki fiye da 'yan Kwari.

Aka tsaya kan fam 150 na Masar. Wannan a tsakiyar 2022 ne, dala tana wajen fam 19, ka ga kusan dala 8 kenan, na ji daɗi har na kira gida. Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. Da aka fara haɗa ni da wasu gidaje a Tajammu da Ma'adi sai ya zama lesin awa ɗaya amma tun la'asar na fita sai bayan isha nake dawowa, maikurobas biyu, wato ƙaramar bas ta haya, ga jirgin metro ga cunkoso, in ka isa a kawo maka shayi a zauna gaisuwa, yaro yana wanka, minti ashirin ta tafi. Wata rana kuma kana bakin ƙofa bawwab, wato mai gadin gida, zai ce maka ai sun fita, ka kira ace ma'alesh ya mista mun manta, bukra in sha Allah. Ba wanda zai biya ka wannan ranar. Sannan fam ya fara zamewa, Janairun 2023 dala ta kai wajen 30, ranar 6 ga Maris 2024 da aka bar kasuwa ta yanka wa fam farashi dala ta tashi kusan 50. Fam 150 ɗina da yake dala 8 ya koma dala 3 ina zaune, haya ta tashi, ni kuma kunya ta hana ni cewa a ƙara.

A cikin wannan halin wani ɗan Ghana da muke sallah masallaci ɗaya ya nuna min Preply a wayarsa.

Kamfani ne da aka kafa a Yukiren a 2012, aikinsu haɗa mai son koyon yare da malami, ba Turanci kaɗai ba, har Larabci da Faransanci da sauransu. Rijista kyauta ce. Za ka sa hoto, ka rubuta bayanin kanka, ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo kana gabatar da kanka, su duba su amince. Ba dole sai kana da takardar koyarwa ba amma in kana da ita ka ɗora, tana ƙara maka kwarjini. Ni bidiyon nan sau tara na ɗauka saboda mai tallan gas yana ta buga tukunya a ƙasan bene. Abin da ya fi burge ni tun farko shi ne kai ne kake rubuta farashinka da hannunka, da dala, kuma kowa yana gani kafin ya taɓa ka. Babu duk abin da ya sauwaƙa, babu a duba mu malam. Wanda ya ga ya yi masa ya biya tun kafin a fara, wanda bai yi masa ba ya wuce gaba ba tare da kun haɗa ido ba. Ga mai kunya irina wannan kaɗai ya isa a ce an gode.

Sai maganar la'ada, nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido. Lesin na farko da kowane sabon ɗalibi, wanda suke kira na gwaji, kuɗinsa gaba ɗaya na kamfani ne, kai ko sisi. Bayan nan suna cire kashi 33 cikin ɗari ga sabon malami, yana raguwa yayin da awanninka suke taruwa har ya sauko kashi 18 in ka haura awa 400. Ba ɓoyewa suke ba, a rubuce yake kafin ka shiga, kuma wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ni ne dai ban zauna na buga lissafin ba. Na duba na ga malamai daga Filifin da wasu ƙasashe sun sa farashi ƙasa sosai, Turawan Ingila da Amurka kuma suna can sama, sai nace to ni baƙar fata mai harshen Najeriya wa zai ɗauke ni, bari in sa dala 6 in kwashi jama'a.

Ga yadda dala 6 take a zahiri. A cire kashi 33 saura dala 4 da 'yan canji. A ce mutum huɗu sun yi gwaji ɗaya ya tsaya ya yi lesin takwas, ka koyar sau 12 an biya ka sau 8, wajen dala 32 kenan, in ka raba kowane zama bai kai dala 3 ba. Ba a sa lokacin da ka ɓata kana shirya darasi ba, ba a sa gyaran rubutun da ɗalibi zai turo maka da tsakar dare ba, ba a sa kuɗin intanet ba, ba a sa abin da za a cire in za ka fito da kuɗin ta Payoneer, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ba. Wato na gudu daga dala 3 ta maikurobas na faɗa dala 3 ta kan kujera. Bambancin kawai ban sha rana ba.

Kuma araha ba ta ado, wannan na gani da idona. Lokacin da nake dala 6 waɗanda suka fi zuwa su ne masu yawon gwaji, yau suna wajenka gobe suna wajen wani, da masu son su iya Turanci cikin sati biyu saboda intabiyu. Akwai wanda ya shigo yana tuƙi, kyamara tana kallon rufin mota, wai in ci gaba yana ji. Mutum in bai ji zafin abin da ya biya ba ba ya ɗaukar abin da muhimmanci, har kai malamin ma kallon ɗan araha yake maka.

Abin da ya canza min lamari ba wani sirri ba ne. Na zauna da biro na rubuta haya, abinci, intanet, kuɗin sabunta iƙama wato takardar zama, abin da nake turawa gida, na haɗa. Na duba awa nawa zan iya koyarwa a sati ba tare da karatuna ya lalace ba, na ga 15 ce, in na wuce haka muryata ma ba ta kaiwa. Na cire sati biyun jarrabawa, na cire rabin azumi domin ɗaliban ƙasashen Larabawa suna raguwa sosai ko su koma sai bayan tarawihi. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin abin da dole ya shigo hannuna a kowane zama, sai na ɗora la'adar kamfani a kai, ba wai in sa farashi sannan a cire a bar ni da saura ba. Daga ƙasa ake ginin, ba daga abin da maƙwabci ya rubuta ba.

Na biyu na daina cewa ina koyar da Turanci kawai. Masu wannan sun yi yawa. Na sake bidiyo nace ni ina shirya masu jin Larabci ne don IELTS, jarrabawar Turanci ta masu fita karatu ko aiki waje, ɓangaren magana da rubutu, kuma ina jin Larabci zan iya yi maka bayani da shi in ka maƙale. Nan ne abin da nake ganin rauni ne ya zama jari. Bature daga Landan bai san dalilin da ya sa Balarabe yake cewa bebsi maimakon Pepsi ba, ni na sani, babu harafin p a yarensu, mu ma ai da namu fama tsakanin p da f, an sha yi mana dariya a kai. Na san inda suke jefar da is da are saboda jumlar Larabci ba ta buƙatarsu a nan. Na koyi Turanci a aji da bulala kamar yadda su ma suke koya da wahala, ban tsotsa a nono ba, don haka na san inda yake ciwo. Injiniya a Riyad da yake neman maki 6.5 ko 7 don ya tafi karatu ba ruwansa da ƙasar da aka haife ka in dai makinsa yana hawa.

Daga 6 na koma 9, na jira na tara 'yan taurari da sharhi masu kyau, na koma 12, yanzu ina 15. Duk ƙarin da na yi sai gabana ya faɗi, sati ɗaya ko biyu shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, sai kuma a fara shigowa, kuma waɗanda suke zuwa sun fi na da natsuwa. Wani abu mai kyau a tsarin, in ka ɗaga farashi sababbi yake shafa, tsofaffin ɗalibanka suna nan kan na da sai in kun yi magana. Yanzu da na wuce awa 400, dala 15 tana barin min 12 da 'yan kai. Kwatanta da 4 ɗin farko.

Sauran abubuwan da na ji daɗinsu a taƙaice, ɗalibi yana biya ne gaba, na sati huɗu huɗu, in ya soke a ƙurarren lokaci ko bai zo ba ba kai ne da asara ba sai in kai ka ga dama ka yafe, zama minti 50 ne ba awa cikakkiya ba ka samu ka sha ruwa, kalandar kuma tana juya lokaci da kanta, wanda yake da amfani domin Masar ta dawo da canjin agogon bazara tun 2023, rabin shekara muna daidai da Saudiyya rabi muna bayansu da awa ɗaya, da hannu nake lissafawa da na sha kunya.

Masu tambaya ko ba gara ka ja ɗalibin waje ku yi ta WhatsApp ka huta da la'ada ba, dokarsu ta hana, za ka iya rasa shafinka da duk taurarin da ka sha wahalar tarawa. Ni ban ma sha'awa, na riga na ɗanɗani bin bashin kuɗin lesin. Akwai wani uba a nan da har yau yake riƙe min da kuɗin hissa shida, in mun haɗu sai ya rungume ni yace habibi ya ustaz, maganar kuɗi kuwa ko alama. Wanda kuma bai son ciwon kan sa farashi akwai irin su Cambly da suke biyan abu tsayayye a kan minti, wajen dala 10 a awa, sai dai can ba ka da ikon ɗagawa komai ƙwarewarka. Kuma kowa ya binciki abin da takardar zamansa ta ba shi dama a ƙasar da yake, iƙamar ɗalibi ba takardar aiki ba ce, kar a ce ni na ce.

In taurari zan bayar, huɗu cikin biyar. Ɗayan na riƙe ne saboda watannin farko suna da nauyi ga wanda ba shi da wani abin dogaro, gwaji kyauta ga kashi 33, dole ka shigo da haƙuri da ɗan guziri. Bai dace da mai neman kuɗin haya na wannan watan ba.

Lesin ɗin gida ban bari gaba ɗaya ba, saura gida biyu, duka a Madinatu Nasr inda zan taka da ƙafa. Amma yanzu ana tambayata nawa nake faɗa kai tsaye ba na sunkuyar da kai, kuɗin hissa takwas a gaba, in za a soke a faɗa min tun jiya, kuma duk wata shida muna sake zama saboda fam ba shi da tabbas. Gida ɗaya da na faɗa musu haka uwar tace ya mista ka canza, da ba haka kake ba. Nace eh madam, haya ma ta canza. Ta yi dariya ta shiga ɗaki ta ƙirgo. Yaron mai kantin nan na farko shi kaɗai na bari a tsohon farashi, bana zai zana Sanawiyya, kuma har yanzu bebsi yake cewa.