Gargaɗi: Masu Liƙa Sunan Stihl a Jikin Injin Yankan Ciyawa na Jabu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar share gona da fili. Abin da ya same ni a ƙarshen daminar nan ne ya sa na ga wajibi ne in faɗakar da ku, domin na san da yawanmu yanzu muna neman injin yankan ciyawa, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai shan fetur.

Na samu kwangilar share wata gona a wajen Kachia, gamba da tofa sun rufe ta, ga sabara da ƙaya a gefe. Injina ya tsufa. Sai na ci karo da wani shafi a Facebook, ga hotunan injinan kamfanin Stihl na Jamus, samfurin FS 250, sababbi fil, farashin bai kai rabin wanda dillali ya faɗa mini ba. Na yi magana da mai shafin ta WhatsApp. Ya ce, "Alhaji, kayan gwanjon kwastam ne, saura uku." Ya nemi in tura rabin kuɗi kafin alƙalami, ragowar idan direba ya iso tasha. Na tura. Kwalin ya iso a naɗe da salatif, direba yana sauri, shi kuma bai san komai ba, saƙo kawai aka ba shi. Na cika kuɗin ban buɗe ba.

Kala dai ita ce, ruwan lemo da toka-toka, ga suna ɓaro-ɓaro. A kwana na uku injin ya buga. Da bakanike ya kwance shi ya nuna mini fistin ɗin, duk ya kankare jikin silinda. Ya ce wannan injin China ne na gama-gari, irin wanda ake kira CG430, aka liƙa masa takarda kawai. Na kira lambar mutumin, a kashe. Shafin ma ya ɓace, amma bayan mako biyu na ga hotunan nan dai a ƙarƙashin wani sunan.

Ku lura da yadda sunan ƙaryar ya kashe injin, don nan ne cutar ta fi yawa. Injin Stihl na asali ana gauraya masa mai kashi 50 da 1, wato mililita 100 na man 2T mai kyau a lita 5 ta fetur. Yawancin na gama-garin nan kuwa 25 da 1 suke buƙata, mililita 200 ke nan a lita 5. Ni na yarda Stihl ne a hannuna, sai na ba shi rabin man da yake bukata, ga rana, ga aiki tun safe har la'asar. 'Yar gorar awon mai da ta zo cikin kwalin ma 25 da 1 aka rubuta a jikinta, ban kula ba sai daga baya.

Ba ina cewa injin China haramun ba ne. Wanda zai gyara harabar gida ko ƙaramar gona zai iya moransa, kayan gyaransa kuma suna ko'ina da araha. In an sayar maka da shi da sunansa da farashinsa, ciniki ne na halal. Zaluncin shi ne a karɓi kuɗinka da sunan kamfanin Jamus ko na Sweden ko na Japan, a ba ka wani abu daban. Haka suke yi da Husqvarna 143R-II na Sweden, haka suke yi da Honda GX35 na Japan.

Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in nemi lambar inji. Kowane Stihl na asali yana da lambarsa ta kansa, kuma dillalin da kamfanin ya amince da shi zai iya duba ta. A ce wa mai sayarwa ya ɗauko bidiyon lambar a jikin injin da za a turo, ba ta kwali ba. Ɗan damfara a nan yake fara kame-kame. A duba alƙaluman da ya rubuta ma. FS 250 na gaske girman injinsa cc 40.2 ne, ƙarfinsa kilowat 1.6, wato wat 1,600. Duk wanda ya tallata injin ratayawa ya ce wat 4,500 ne ko fiye, ƙarya yake shararawa. Honda GX35 kuwa yana da wurin zuba baƙin mai daban, ba a gauraya masa da fetur. Mai sayarwa da ya ce maka Honda ne amma ka gauraya, to ba shi ba ne. Sai dai akwai jabunsa mai wurin baƙin man shi ma, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ce, sai an haɗa da rasit da takardar garanti.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi tayar mini da hankali. Cikin kwalin ya saka mini "kyauta", wani kan yanka mai sarƙa, wai yana cin itace. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan tun 2012, saboda gaɓar sarƙar kan ɓalle ta tashi kamar harsashi, kuma ta taɓa kashe mutum a Ingila. Yarana biyu suna aiki kusa da ni kullum. Allah ne ya tsare ban ɗaura shi ba. Wanda yake da shi a gida, don Allah ya jefar.

Na kai ƙara bankina da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Ko kuɗin bai dawo ba, ina so a rufe asusun da yake karɓar kuɗin mutane da shi. Wanda irin haka ta same shi kada kunya ta hana shi yin haka, kuma ya yi da wuri tun kafin a kwashe kuɗin.

Gonar dai na ƙarasa ta da injin haya da adduna, ribar kwangilar ta tafi a nan. Yanzu ina tara kuɗi, in sun cika zan je shagon dillali da ƙafata tare da bakanikena, a tayar da injin a gabanmu, a rubuta lambarsa a rasit. Ku tura wannan saƙo zuwa zaurukan manoma da masu kwangila da kuke ciki, domin har jiya sabon shafin yana nan yana cewa saura uku.