Hattara da masu sayar da "sirrin shekara ɗari" a kwalba

Jama'a, a yi hattara da wani talla da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Za a nuna maka hoton wata tsohuwa tana murmushi a gona, a ce 'yar tsibirin Okinawa ce a Japan, ta haura shekara ɗari ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Sai a ce sirrin yana cikin abincinsu, kuma ga shi an tace an zuba a kwalba, ko gari, ko ƙwayoyi, ko shayi. Wani ya ce nasa na Sardiniya ne a Italiya, wani ya ce Ikariya a Girka. A ƙarshe sai lambar asusu, da "saura kwalba kaɗan", da alkawarin kamasho ga duk wanda ya kawo mai saye.

Jarin waɗannan mutane gaba ɗaya shekarun tsofaffin nan ne, shekarun kuwa a takarda suke, kuma takardar ta sha kunyata masu ita. A 2010 jami'ai a Tokyo suka je gidan wani dattijo da ake lissafin yana da shekara 111. Suka tarar da busasshiyar gawarsa a kan gado, ya rasu kusan shekara 30 kafin nan, iyalinsa na karɓar kuɗin fansho da sunansa. Da gwamnati ta duba rajistar iyalai, sai ga mutum fiye da 230,000 da aka rubuta sun kai ɗari, amma ba a san inda suke ba. Ita Okinawa ɗin ma, yawancin rajistarta ta ƙone a yaƙin 1945, daga baya aka sake rubutawa.

Saul Newman, wani mai bincike a Landan, ya bi diddigin wannan lamari. Ya gano cewa a jihohin Amurka, da aka fara ba da takardar haihuwa, adadin masu da'awar shekara 110 ya faɗi da fiye da kashi biyu cikin uku. Haka aka yi da ƙauyen Vilcabamba a ƙasar Ekwado, da aka yi ta yayata tsawon ran mutanensa a shekarun 1970: masu bincike suka buɗe littattafan coci, ba su samu ko mutum ɗaya da ya cika ɗari ba. Masanan da suka yi aiki a Sardiniya sun ce su kam sun tantance takardu ɗaya bayan ɗaya, kuma ana kan muhawara. To ko da nasu gaskiya ne, babu wanda ya nuna cewa tsawon ran manomin da ya yi rayuwarsa yana hawa tsauni zai shiga ƙwayar magani.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 2003 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka wani mai tallan kaya a talabijin, Kevin Trudeau, a kotu kan tallan wani sinadarin kalsiyam da aka ce daga murjanin tekun Okinawa yake, wai yana warkar da kansa. A 2004 ya amince ya biya dala miliyan 2.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne. Mai hawan jini ko ciwon suga yana iya jin an ce mutanen can ba su san magani ba, sai ya ajiye nasa ya rungumi kwalba. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kayar da mutum. Cin kayan lambu da motsa jiki suna da amfani, likitoci sun daɗe suna faɗa, kuma ba sai ka tura wa kowa kuɗi ba.

Idan an turo maka irin wannan talla, kada ka biya, kada kuma ka tura wa wani. Ka kai ƙorafinsa a manhajar da ka gan shi. Idan an riga an sayo wa mahaifi ko mahaifiya, a ɗauki kwalbar a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya duba abin da ke ciki da lambar rajistarta, kuma su ci gaba da shan maganin da aka rubuta musu har sai likitan ya ce a canza.