Stihl MS 250: injin yankan itace mai sauƙin gyara, da abin da kafiretarsa za ta iya ba ka

Wanda aikinsa bai wuce itacen girki, sassaben gona da kayar da bishiya matsakaiciya ba, MS 250 ya ishe shi. Injinsa cc 45.4 ne, ƙarfinsa kilowat 2.3, nauyinsa kilo 4.6 ba mai ba sarƙa. Husqvarna 450 ya ɗan fi shi, cc 50.2 da kilowat 2.4, sai dai a hannu da wuya ka ji bambancin. Ƙarfen sarƙa mai inci 16 ne daidai da shi. Yana ɗaukar 18, amma a busasshen icce mai tauri za ka ji yana nishi. In kuwa wuni za ka yi kana tsaga katako, kada ma ka soma, nemi mai cc 70 zuwa sama.

Aibin MS 250 biyu: yawancin jikinsa roba ce, sannan igiyar tayarwa tana da tauri, in ba ka fizge ta da gaske ba sai ta ƙwace maka hannu. Abin yabonsa kuwa kafiretar, wadda sukudireba kaɗai ke saita ta. Babban wansa MS 261 C-M mai kilowat 3.0 kwamfuta ce ke daidaita masa mai, babu sukurun da za ka murɗa.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani ƙarfi da kamfani ya ɓoye a cikin kafireta. Babu shi. Saiti yana dawo da ƙarfin da ya ɓace ne kawai. Sabon inji ma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya sha tanki 5 zuwa 15, kuma a tanki uku na farko ba a matsa masa totur har ƙarshe alhali ba ya yanka komai.

Kafin ka taɓa sukuru, wanke matatar iska, ka duba fulogi (ratarsa milimita 0.5), ka kankare ragar salansa in tana da ita, don toka na toshe ta. Haɗin mai 50:1 ne, wato mililita 100 na man 2T a lita 5 ta fetur, kuma sabo, ba wanda ya yi watanni a jarka ba. Sai sarƙa. Dubi abin da ke zubowa daga bakin yanka: in ɓarɓashi ne manya-manya masu kusurwa, haƙora na ci; in gari ne mai laushi da ke tashi kamar ƙura, magagari ake bukata, ba kafireta ba. Sarƙar .325 tana son magagari mai milimita 4.8, a riƙe shi a kusurwar digiri 30.

Sukurori uku ne a gefe: L na ƙaramin gudu, H na cikakken totur, LA na silo, wato gudun inji in ba a taɓa totur ba (a Husqvarna T ake rubutawa). A L da H, murɗawa ciki, yadda hannun agogo ke tafiya, rage mai ne. Waje kuma ƙarawa. Bari injin ya yi zafi na 'yan mintuna, sarƙa na jikinsa da ɗaurinta daidai. Fara da L: matsa totur farat ɗaya. In ya yi jim ko ya nemi mutuwa, mai ya yi masa kaɗan, buɗe kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kowane karo. In yana hayaƙi yana tashi da nawa, mai ya yi yawa. Daga nan ka shigar da LA har sarƙa ta fara motsi, ka dawo baya har ta tsaya cak. Silon yana wajen zagaye 2,800 a minti.

H shi ne mai kashe inji. Da ka rage shi sai injin ya riƙa ihu siriri, kunne ya ce ƙarfi ya ƙaru. Amma man da ke shafa fistan a cikin fetur ɗin yake tafiya, rage ɗaya rage duka ne. Zafi ya hau, fistan ya karce silinda ta ɓangaren salansa, inji ya cije. Saitin kirki kunne na gane shi: a cikakken totur ba yanka, za ka ji 'yar gargada a muryarsa, "burrr", da sarƙa ta shiga icce sai muryar ta washe. In babu gargadar nan ko kaɗan, buɗe H nan take. Mai na'urar auna gudu ya fi kowa kwanciyar hankali, ya tsaya ƙasa da iyakar da littafin injin ya faɗa. Hular robar da ke kan sukurun tana taƙaita yadda za a murɗa shi, cire ta kuma na iya soke garanti.

In ka saita yau gobe ya sauya, ko silo ya riƙa hawa da kansa, ko gudun ya canja in ka kwantar da injin a gefe, daina murɗawa. Iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba: tiyon mai ya tsage, ko robar da ke haɗa kafireta da silinda ta fashe, ko silin kiranshaf ya ci. A tsohon inji kuma fatar cikin kafireta kan bushe ta yi tauri, sai a sayi kayan gyaranta gwargwadon sunan da ke jikinta, Zama ko Walbro, da lambar da aka buga a gefenta.