Wa zai riƙa raba adireshi a netwok ɗinka? Abin dubawa kafin ka zare kuɗi

Wani mai otal a Kaduna ya kira ni wata Asabar bayan la'asar, ransa a ɓace. Ya ce, "Injiniya, intanet ɗin nan ya ishe ni. Kullum ranar biki sai ya ɗauke. Ka faɗa min nawa ne Starlink, gobe in aiko da kuɗi." Da na isa ban fara da komai ba sai kwamfutar da ke kan kantar otal ɗin. Adireshin da take ɗauke da shi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, ya fara da 169.254. Duk mai wannan sana'a ya san abin da wannan lamba ke nufi: na'urar ta yi sallama, ta nemi a ba ta adireshi, ba wanda ya amsa, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba zai kai ta ko bakin ƙofa ba. Intanet ɗin lafiyarsa lau. Rautar TP-Link ɗin da ke ofis tana nan yadda ta fito daga kwali, tana rabon adireshi daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199, guda 100 cif. A zauren biki kuwa mutum ya haura 300, kowa da waya, wasu da bibbiyu, an kuma manna kalmar sirri a jikin bango. Da ya sayi Starlink ɗin, da Asabar mai zuwa ya sake kirana da wannan kukan.

Aikin da ya gaza a ranar shi ake kira DHCP. Tsari ne da aka fara rubutawa a 1993, aka fitar da fasalin da ake amfani da shi har yau a 1997. Yadda yake tafiya kamar gidan haya ne. Waya ta shigo ta yi shela tana neman mai rabo, mai rabon ya yi mata tayin adireshi, ta ce ta karɓa, shi kuma ya tabbatar ya rubuta a rajista. Saƙo huɗu ke nan. Ba a bayar da adireshin kyauta har abada, haya ce mai wa'adi. Idan rabin wa'adin ya wuce, na'urar kan dawo ta sabunta. Idan ta tafi ba ta yi sallama ba, kamar yadda wayoyi suka saba, ɗakin zai zauna a kulle da sunanta har wa'adin ya cika. Tare da adireshin ake gaya mata ƙofar fita zuwa intanet da kuma wanda zai riƙa fassara mata sunayen shafuka.

Daga nan lissafin saye yake farawa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ba yawan na'urorin da ke kan netwok a lokaci guda za ka ƙirga ba. Ƙirga duk waɗanda za su leƙo a cikin tsawon wa'adin haya ɗaya. Gidan abinci da ba ya wuce mutum 40 a zaune zai iya ganin waya 500 daga safe zuwa dare. In haya ta kwana ɗaya ce, adireshi 254 da ƙaramin netwok irin na 192.168.1.0 ke bayarwa sun ƙare kafin magariba. In ka mayar da ita awa ɗaya, sun isa har da rara. In kuma ka faɗaɗa filin adireshin zuwa girman da ake rubutawa /23 kana da adireshi 510, /22 kuwa 1022. Saboda haka tambayata ta farko ga kowace na'ura ita ce: tana barina in sauya girman filin da tsawon haya yadda na ga dama?

Rautar gida, irin su TP-Link da Tenda da waɗanda kamfanonin layi ke bayarwa, tana yin wannan daidai gwargwado. Ga gida, ko shagon POS, ko ofis mai ma'aikata goma, kada wani ya ruɗe ka da maganar sabar. Shiga shafinta, faɗaɗa rabon, ware wa firinta da na'urar kyamarori adireshin dindindin, shi ke nan. Inda take gazawa shi ne idan kana son raba netwok gida biyu ko uku, na baƙi daban, na ma'aikata daban, na kyamarori daban, kowanne da irin hayarsa. Kuma da yawansu idan an ɗauke wuta sukan manta rajistar ɗungurungum. Rautar Starlink ma a wannan sahu take, har ta fi sauran ƙarancin abin taɓawa. Tun da kamfanin ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, abin da na saba yi a wurin da ke da jama'a shi ne in kunna mata yanayin nan da take janye hannunta daga rabo, in bar wa wata na'ura ragamar.

Wata na'urar kuwa, a mafi yawan ayyukana, MikroTik ce. Ba na ɓoye cewa ina da son kai a nan. Kamfanin ƙasar Latbiya ne, an kafa shi a 1996, kuma ƙaramin akwatinsu hEX, samfurin RB750Gr3, bai fi tafin hannu ba: ƙofofi biyar masu gudun gigabit, ƙwaƙwalwa megabait 256, babu fanka balle ya tara ƙurar hunturu. A cikinsa za ka iya tayar da masu rabo da dama, kowane sashe da nasa. Ka buɗe Winbox, manhajar da ake saita shi da ita, ka shiga jerin haya, ka ga kowace na'ura da sunanta da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar da aka buga mata a masana'anta, da sauran mintocin da suka rage mata. Ka ga firintar akanta, danna sau ɗaya ka mayar da adireshinta na dindindin, ba za ta sake yawo ba. Yana kuma da wani ɗan aiki da ke sa kunne, ya sanar da kai idan wani mai rabo na daban ya ɓullo a netwok. In kana sayar da tikitin Wi-Fi a unguwa, lasisin mataki na 4 da ke zuwa da shi yana ɗaukar mutum 200 a lokaci guda a tsarin tikiti, wanda ya zarce haka sai ya dubi mataki na gaba.

Aibinsa biyu. Na farko, ba ya lallashi. Wanda bai taɓa ganin RouterOS, manhajar da ke tafiyar da akwatin, ba zai buɗe ya ga tagogi kamar kasuwar Kurmi, bai san ta inda zai shiga ba, kuma kuskure ɗaya zai iya kulle shi a waje sai an yi masa wanka an fara daga farko. In babu mai kula da shi a kusa, ka sa kuɗin mai kulawar a cikin lissafi. Na biyu, akwatuna biyu ba sa musayar rajistar haya da kansu, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai ɗora daga inda aka tsaya. Dabarata ta talaka ce: in sayi biyu, in kwafe saitin na farko in zuba a na biyu, in sa shi a aljihun tebur da takarda manne a jikinsa. Ranar da tsawa ta ci na farko, ko masinja zai iya sauya wayoyi biyar.

Akwai masu cewa a ɗauko Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai allo guda, ko tsohuwar kwamfuta a sa mata dnsmasq. Manhajar kyauta ce, Simon Kelley ya rubuta ta tun farkon shekarun 2000, kuma ita ce ke aiki a ɓoye cikin rautoci da yawa. Kyanta shi ne ta haɗa rabon adireshi da fassarar suna wuri guda: da zarar kwamfuta ta karɓi adireshi, sauran za su iya kiranta da sunanta. Layi uku ko huɗu a fayil ɗaya sun isa ta fara aiki, kuma yadda take zuwa tana ɗaukar haya har 1000. Ga ɗalibi ko mai son koyo, babu makaranta kamarta. Amma ga wurin kasuwanci ina ɗari-ɗari, ba don manhajar ba, don allon da ake ɗora ta. Katin ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ba ya jure a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, kuma samfuran da suka gabaci na 5 ba su da agogon da ke riƙe lokaci idan sun mutu. Haya kuwa duk lissafin lokaci ce. A garin da ake ɗauke wuta sau shida a yini, in za ka bi wannan hanya, batiri ba zaɓi ba ne.

Windows Server fa? In ma'aikatarku ta riga tana da Active Directory, tsarin Microsoft da ke haɗa kwamfutocin ma'aikata a rukuni guda, kwamfutoci suna shiga da sunan ma'aikaci, to mai rabon Windows ne ya fi dacewa, domin yana rubuta sunayen na'urori a DNS, wato mai fassarar sunaye, da kansa, kuma sabar da ke cikin rukunin ba za ta fara rabo ba sai an ba ta izini. Tun daga fitowar Windows Server 2012 ana iya haɗa sabar biyu su riƙa musayar rajista, ko dai su raba aikin, ko ɗaya ta zauna a benci tana jiran ɗayar ta faɗi. Wannan na adireshin IPv4 ne kawai, irin su 192.168.0.100. Hayarsa ta asali kwana 8 ce, wadda ta dace da kwamfutocin tebur amma guba ce ga Wi-Fi na baƙi. Sai maganar da masu sayarwa ba sa son tayarwa: a ƙa'idar Microsoft, duk na'ura ko mutumin da ke cin moriyar sabar, ko da karɓar adireshi ne kawai, yana buƙatar lasisin CAL, wato lasisin amfani da sabar. Wayoyin baƙi 300 ba abin da za ka ɗora wa Windows ba ne. Kuma sayen sabar sukutum don rabon adireshi kaɗai, sayen raƙumi ne don ɗaukar buhun gero guda.

Wani abu da na gani da idona a wata makaranta: an dawo da wuta, kyamarori da firintoci sun farka cikin daƙiƙoƙi, sabar kuwa tana can tana ta miƙa, sai bayan mintoci ta shirya. Kafin nan wasu na'urorin sun gaji da sallama sun koma adireshin da suka fito da shi daga masana'anta. Kullum da safe sai mai gadi ya bi su yana kashewa yana kunnawa. Duk wanda zai yi rabo, ya zama shi ne farkon tashi kuma na ƙarshen mutuwa.

Ga jami'a, babban asibiti ko mai sayar da intanet ga unguwanni, inda na'urori ke kaiwa dubbai, zancen ya koma wata manhajar rabo mai suna Kea. Shekara da shekaru manhajar ISC DHCP ce ke riƙe da wannan fage, amma ƙungiyar ISC da ta yi ta ta daina kula da ita a ƙarshen 2022, ta ce a koma Kea. In wani ya kawo maka takardar kwangila da tsohuwar a ciki, mayar masa. Kea tana iya ajiye rajista a MySQL ko PostgreSQL, ana sauya mata saiti ba tare da an kashe ta ba, sabar biyu suna rufa wa juna baya, kuma akwai Stork da ke nuna komai a allo. Kuɗinta ba a lasisi yake ba, a albashin wanda ya iya Linux yake. A irin wannan wuri sabar ɗaya ke yi wa gine-gine da yawa hidima, don haka suwic ko rautar kowane gini dole ta iya miƙa shelar na'urori zuwa can, tunda shela ba ta tsallake iyakar sashenta. Duba wannan kafin ka sayi suwic, ba bayan an kafe shi a bango ba. Masu pfSense da OPNsense kuma, manhajojin da ke mayar da kwamfuta rauta, duka biyun sun fara barin tsohuwar ISC DHCP, sai a duba wacce sigarka ke amfani da ita kafin a sabunta.

Ko wanne ka zaɓa, abu ɗaya zai iya rusa shi cikin minti biyar, wato mai rabo na biyu. Wani ma'aikaci ya ga Wi-Fi ba ya kaiwa ofishinsa, ya sayo 'yar rauta a Farm Centre, ya soka wayar bango a ƙofar LAN, wadda take rabo ta cikinta, maimakon ta WAN, wadda intanet ke shigowa ta cikinta. Daga wannan lokaci akwai liman biyu a masallaci ɗaya. Duk na'urar da ta yi shela, wanda ya riga amsawa shi take bi, rabin ofis ya koma 192.168.0.x da ƙofar fita da ba ta zuwa ko'ina. Abin haushin shi ne ba ya faruwa gaba ɗaya, yau wannan, gobe wancan, har a fara zargin kamfanin layi. Maganinsa a suwic yake. Wanda ake iya saitawa, mai abin da ake kira DHCP snooping, za ka gaya masa ƙofa ɗaya tak aka yarda tayin adireshi ya fito daga cikinta. Ya fi suwic na gama-gari tsada, amma a wurin da mutum ya wuce 50 ni ba na karɓar aiki ba tare da shi ba.

Kada kuma ka dogara da ware adireshi ga wayoyin mutane. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya kan nuna wa kowane Wi-Fi lambar MAC ta aro, ba wadda aka buga mata a masana'anta ba. Ka kwafi lambar jikin kwali ka ware wa manaja adireshi, ba zai taɓa samunsa ba. Warewa ta firinta ce da kyamara da na'urar ɗaukar yatsa. Waɗanda kuma ka rubuta wa adireshi da hannu, ka tabbata suna wajen filin rabo. Ni nakan bar 1 zuwa 49 ga irin waɗannan, rabo ya fara daga 50.

Mai otal ɗin nan a ƙarshe hEX biyu ya saya da suwic guda. Baƙi suka samu filin /22 da hayar awa biyu, ofis ya samu nasa sashe da hayar kwana uku, ta yadda ko akwatin ya mutu ranar Juma'a, kwamfutocin ofis za su riƙe adireshinsu na aƙalla yini ɗaya da rabi kafin wani ya lura. Akwatin yana karɓar wuta daga bolt 8 zuwa 30, sai muka ja masa waya daga batirin sola da ɗan fis a tsakani, bai ma san ana ɗauke wuta ba. In za ka sayi na hannu a titin Beirut ko Computer Village, sa mai shagon ya kunna shi a gabanka, ya goge tsohon saiti, ku shiga da Winbox ka ga matakin lasisin da idonka, sannan ka gwada ƙofofin nan biyar ɗaya bayan ɗaya da wayar da ka zo da ita daga gida. Ƙofa ta farko ce tsawa ta fi ci.