Old Judge ko T206: wane katin besbol za ka tara?

Dukkansu tsofaffin katuna ne masu hoton 'yan wasan besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda), kuma daga kwalin taba sigari suka fito a Amurka, amma ba jinsi ɗaya ba ne.

Old Judge na kamfanin Goodwin, wajen 1887 zuwa 1890, hoto ne na gaske: siririyar takarda mai shafin farin ƙwai, manne a kwali. A ɗaki aka ɗauki 'yan wasan, wani lokacin har da ƙwallo rataye da zare. Haske da danshi ke koɗar da shi. Duba da gilashin ƙara girma. In ka ga ɗige-ɗigen injin bugawa, jabu ne.

T206 kuwa, katuna 524 na 1909 zuwa 1911, bugun zane ne mai launi. Auna shi tukuna, don 'yan damfara kan datse gefe ya yi kamar sabo.